Ranar da Ermanno Ya Ƙi Taɓa Ƙarfe

Tun da mijina Ermanno ya ajiye aikin walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, hankalina bai kwanta ba. Kuɗin da aka yi ta yanka daga albashinsa ana tara masa, yanzu zai miƙa su ga kamfanin inshora, su riƙa biyansa wata-wata har ya mutu. Zaɓi biyu ne. Ko ya ɗauki mai tsoka, wadda za a binne tare da shi, ko ya ɗauki 'yar ƙarama, wadda za ta dawo kaina in ya riga ni. Da ya sa hannu kuwa, bakin alƙalami ya bushe.

Ni fa ba ni da ko sisi. Benayen mutane na ƙare rayuwata ina gogewa, ba takarda, ba fansho. Abin da gwamnati za ta bar mini in ya tafi, da ƙyar ya biya haya. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kar in tsufa a ɗakin surukata ina cin abinci ana harara ta.

Gogan naku kuwa mai tsokar yake so, saboda wani kwale-kwale mai inji da ya ƙyalla ido a kai.

"Ubana sai da ya haura casa'in yana shan giyarsa," in ji shi. "Sai na talauta kamfanin nan. Ai ke za ki riga ni, tsohuwa, da wannan masifar taki."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

Sai ya yi dariya, ya zura hannu aljihu ya damƙi makullansa. A ƙasarmu dai kowa na taɓa ƙarfe in an ambaci mutuwa, wai don a kore ta, amma na Ermanno ya wuce misali. Motar gawa ta gifta, ya rungumi turken fitilar titi. Ranar nan a tsakiyar cin taliya rediyo ya yi sanarwar rasuwa, mutumin nan ya damƙi murfin tukunya da zafinsa.

Ranar sa hannu na saka baƙin takalmina na zuwa coci, muka nufi ofishin inshorar. Wata yarinya mai suna Ilaria ce ta karɓe mu.

"Baba, ka yi haƙuri, dole in faɗi abin yadda yake," ta ce. "In ka ɗauki ta farko, ranar da ka rasu biya ya tsaya. In ka ɗauki ta biyu, bayan rasuwarka Mama za ta ci gaba da karɓa, ko rabi ko duka."

Na kasa kunne in ji ƙarar makullai. Shiru. Na dube shi, hannayensa biyu na kan gwiwa. Yarinyar nan ta ci gaba da ambaton rasuwarsa kamar mai karanta farashin kifi, ga ƙafar tebur ta ƙarfe dab da shi, ko yatsa bai miƙa ba.

"Ƙaramar," ya ce. "Wadda za ta koma kan Nives. Duka, ba rabi ba."

"Za ta ragu sosai fa, Baba."

"Na sani, 'yata. Ina zan sa hannu?"

Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan, amma maimakon murna sai gabana ya yanke ya faɗi. Tarin da yake yi tun bikin Ista ya faɗo mini a rai. Sabuwar hudar da ya yi wa bel ɗinsa. Safiyoyin da yake cewa ya tafi duba kwale-kwale, ya dawo ba ƙarnin teku a jikinsa, sai auduga manne a hannu, irin ta wanda aka ɗebi jininsa a asibiti. Da farar ƙurar nan ta cikin jirgi, wadda ta cinye huhun Tullio, ta cinye na Livio, abokan aikinsa.

Ban san lokacin da na fizge alƙalamin ba.

"Kar ki saurare shi! Mai tsokar zai ɗauka. Kwale-kwale zai saya. Ubansa ya haura casa'in!"

"Nives, ba ni."

"Ba zan bayar ba. Kai, tsohon banza, ba ka ce sai ka talauta su ba? To talauta su mana!"

Ilaria ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya karɓi alƙalamin ya sa hannu.

Wajen saukowa, bene ɗaya tak, sai da ya tsaya ya jingina da bango yana neman numfashi. Na tura hannu aljihunsa na zaro makullan, na cusa masa a tafin hannu.

"Taɓa! Don girman Allah, Ermanno, ka taɓa."

Ya dube su, ya dube ni. Sai ya buɗe jakata ya zuba su a ciki, har da na gida, ya ja zif ɗin.

"Riƙe su, tsohuwa," ya ce. "Gara ki fara sabawa."