Tashin Motar Kalilu Tela

Motar ta yi tsalle kamar akuyar da aka taka wa wutsiya, ta karkata dama, ta mutu. Kajin da ke kiwo a filin bayan unguwar Nassarawa ko gudu ba su yi ba. Sun saba.

Gbenga makaniki ya ɗauko hularsa daga ƙarƙashin kujera, ya kakkaɓe ta. A nan Birnin Kebbi ya girma, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari kaifi.

"Malam Kalilu, don Allah mi sitiyarin ga ya yi maka? Na ce ka ɗaga kuloci sannu, ka taka totur sannu. Wa ya aiki hannunka?"

Kalilu ya dubi hannunsa na dama kamar na aro ne. Shi tela ne tun bai yi gemu ba, kuma duk wanda ya san keken ɗinki ya san ba ya tashi sai an fizgi wilin nan na gefe da hannun dama, sannan ƙafafu su karɓa. To, jikin mutum yana da nasa karatun da bai shawarci kai ba. Da zarar Kalilu ya yi niyyar tashi, sai hannun ya fizgi sitiyari, ƙafafun kuma su shiga lilo tare, sama da ƙasa, har tsohuwar Fijo akori-kurar da ya saya hannun wani malamin gona da aka mayar Sakkwato ta riƙa tafiya ɗinki-ɗinki. In ta riga ta hau hanya, lafiya lau yake tuƙi. Tashin ne kawai.

"Sake," in ji Gbenga. "Amma bari in riƙe hulata."

Ba su sake ba, don a lokacin ne wani mai babur ya tsaya da saƙo daga Gulma: Inna Riskuwa, mahaifiyar Kalilu, ta zame a wurin turara shinkafa, hannunta na dama ya karye. An yi ɗori, amma babu mai jinyarta a gida, sai a zo a ɗauke ta.

Gbenga ne ya tuƙa su. Suka wuce Ambursa, suka ratsa Argungu, Kalilu yana ta kallon ƙafafun Gbenga yadda ɗaya ke sauka ɗaya na hawa kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Sun tarar da ita zaune a zauren Labbo maɗori, hannun a ɗaure da karare da tsumma, matan unguwa sun kewaye ta. Kalilu ya durƙusa ya gaishe ta. Ta kau da kai, ta amsa wa bango. Ɗan farinta ne, bakinta bai taɓa furta sunansa ba, kuma tun da aka yaye shi bai tuna ranar da ta taɓa shi a gaban mutane ba. In za ta yi zancensa, sai ta ce "wancan na Birni".

Labbo ya ja shi gefe. "Ƙashin tsohuwa ne, Tela. Na haɗa shi da kyar. In mota ta girgiza ta ya goce, sai na sake ja na gyara, kuma ka san abin da ake ji."

"Ba komi, Baba. Ga direba nan, hannunshi kamar auduga."

Aka tallafo Inna aka zaunar da ita a gaba, aka tokare ta da matashi. Gbenga ya buɗe ƙofar direba ke nan, sai ta yi magana, tana duban gilashi.

"Ɗan nan, an gode. Amma na ji an ce motar ga tana da mai ita."

Wata tsohuwa, Tamba, ƙawarta, ta tafa hannu. "Ai ta ishe mu! Kullum wancan na Birni ya sayi mota, wancan na Birni da kanshi yake tuƙi har Jega. Yau dai idonmu ya gani!"

"Ni ban ce Jega ba," in ji Inna.

"Kin ce, Riskuwa. Har kin ce gwamna bai hi shi iya juya ta ba."

Mata suka kwashe da dariya. Kalilu ya tsaya, makullin da Gbenga ya miƙo masa yana lilo a tsakaninsu. Ashe tana zancensa. Bai taɓa sani ba. In ya ce bai iya ba, ya bar ta da matan Gulma har ƙarshen ranta. In ya tuƙa yadda ya saba, ya mayar da ita hannun Labbo.

Gbenga ya matso da bakinsa kusa da kunnensa. "Ka ce ciwon ido kake yi."

Kalilu ya karɓi makullin.

"To, Allah shi jiƙan hulata," in ji Gbenga, ya haye baya ya rungumi ƙarfe da hannu bibbiyu.

Kalilu ya shiga. Ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe, don shi bai taɓa yin aikin kirki da takalmi a ƙafa ba. Ya tayar da inji, ya danne kuloci, ya sa giya. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne. Ta gefen ido ya ga Inna ta runtse idanu, leɓɓanta na motsi. Wato ita ma labarin tashin motarsa ya iso mata, ba na Jega kaɗai ba.

Ya ji hannunsa na dama ya fara ɗagawa, zai tafi aikinsa na kullum. Kafin ya kai ga sitiyari, wasu yatsu busassu, masu kaushin aikin shinkafa, suka cafke wuyan hannun suka danne shi a kan kujera. Tsoro ne ya sa Inna ta lalubi abin riƙewa, shi ta samu. Idonta a rufe, ba ta saki ba.

Kalilu ya daina numfashi. Da hannun hagu kaɗai ya riƙe sitiyari. Ya fara ɗaga ƙafar hagu kaɗan-kaɗan, yana sauraron yatsun nan. Da motar ta soma rawar jiki, sai yatsun suka ƙara matsewa, shi kuwa ya tsayar da ƙafar a nan, bai ƙara ko kaurin zare ba. Ƙafar dama ta shafi totur. Rawar ta lafa, yatsun suka ɗan sassauta, ya ƙara ɗagawa.

Zauren Labbo ya fara zamewa baya a hankali, kamar jirgi ya bar gaɓa. Matan suka rangaɗa guɗa, amma ƙarar inji ta haɗiye ta. Ta madubi ya hango Tamba riƙe da baki, da Gbenga ya saki ƙarfe yana duban ƙasa, yana son ya tabbatar ba turawa ake yi ba.

Suka wuce rumbunan ƙarshen gari, suka wuce masu shanyar albasa. Motar na ta gurnani a giya ta ɗaya, tana roƙon a canza mata. Gbenga ya ƙwanƙwasa gilashin baya yana nuna yatsu biyu. Kalilu ya yi kamar bai gani ba. Canza giya sai da hannun dama, hannun dama kuwa ba ya nan. Wani mai jaki ya cim musu, ya yi sallama, ya wuce.

Fadama ta buɗe a gabansu, shinkafa kore shar har iyakar gani, balbelu na tashi suna sauka. Sai Inna ta gyara murya, idonta har yanzu a rufe.

"Kai wanga. Na ƙare addu'ata. In za ka tashi ka tashi, mutane na kallo."

Kalilu ya dubi yatsun da ke wuyan hannunsa, ya dubi hanya.

"To, Inna," ya ce. "Ki riƙe da kyau."