Balbelun Mai Lulluɓi

A unguwarmu Mai Lulluɓi suke kiran mijina, kuma ba su yi masa ƙazafi ba. Namiji ne da furfurarsa, amma aikinsa ba ya yiwuwa sai ya rufe kai da baƙin ƙyalle ya turo wa duniya baya. Kyamararsa akwatin katako ce mai wuya irin na zuga-zugi, tana tsayawa a kan ƙafafu uku, tana cin fim falle-falle, kowane falle ya kai shafin littafi. Da ita yake ɗaukar itatuwa da duwatsu da tsuntsaye. Mutane kam ba ya ɗaukarsu, wai sun cika motsi. Ranar aurenmu ma sai wani aka kira ya ɗauke mu.

Ni muƙamina a wannan babban kamfani shi ne ɗaukar ƙafafun kyamara. Tun ina amarya nake saɓa su a kafaɗa, ina bin sa cikin ƙaya da taɓo, ina koran sauro, shi kuwa yana gaba yana neman haske kamar wanda ya ba haske ajiya. Ladan da nake samu ɗaya ne: in ya wanke hoto ya kawo mini, sai na samo masa aibi. Shi ya sa yake kirana Alƙaliya.

'Ya'yanmu duk sun tsira, sun kama sana'ar mutane, ban da Auta. Ita ta gaji ciwon, sai dai nata sabon samfuri ne. Kyamarar dijital take rataye da ita, in ta ɗora yatsa sai ka ji kas-kas-kas kamar an taka keken ɗinki. Fita ɗaya za ta yi ta dawo da hotunan da ko ita ba za ta gama kallo ba. Gidan da mutum biyu irin waɗannan suke cin abinci a tebur ɗaya, ai sai dai a yi wa mai dafawa jaje.

"Baba, yau na samu shaho yana sauka," za ta ce.

"Ke kika same shi, ko na'ura ta same shi kina tsaye?"

"To kai tun bara hoto nawa ka ɗauka?"

"Wanda na ɗauka dai na san na ɗauka. Ke kuwa shara kike yi, ki dawo gida ki tona ko akwai abin kirki a ciki."

"Kafin ka gama kafa akwatinka, tsuntsun ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe."

Ni dai sai in ce su ci abinci, tunda shi ba ya buƙatar a saita shi.

Ana nan sai na fara lura da wasu abubuwa. Maigida ya zuba shayi, rabi a kofi rabi a tire, ya ce kofin ne aka matsar. Ya gaisa da rigar da na rataye a bayan ƙofa, har da tambayar iyali. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya haska, ya auna, ya ce jijiyar ido ce take mutuwa a hankali, abin da ya tafi ya tafi, abin da ya rage sai lallaɓawa, kuma shi ma ba zai daɗe ba. Muna fitowa Maigida ya yanke hukunci cewa likitan yaro ne. Na yi dariya don ya ji daɗi.

Akwai hoto ɗaya da ya hana shi sakat shekara da shekaru. A bayan gari akwai tafki, a tsakiyarsa wata busasshiyar bishiya, da yamma balbelu suna sauka a kanta har ta yi fari fat. Mun je wurin nan har masunta sun daina gaishe mu. Kullum da dalilin da zai hana shi latsawa: yau iska, gobe gajimare, jibi wani tsuntsu marar tarbiyya ya juya masa baya. Mu naɗe kaya mu dawo da fim ɗinmu lafiya lau. Yanzu ga bishiyar ta fara kwanciya, ga idon mai ɗauka yana bin sahunta. Ko bai faɗa ba na san hoton nan yake so ya samu kafin haske ya ɗauke masa.

Auta ma ta sani. Wata safiya ta ajiye kyamararta a gabansa, cikin ladabin da ban san tana da shi ba.

"Baba, ka gwada wannan. Ita take saita kanta. Kai dai ka nuna mata bishiyar ka latsa."

Ya ɗaga ta, ya jujjuya, ya kawo ɗan allon bayanta dab da hancinsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ture ta gefe.

"Ita take saitawa, ita take auna haske, ita take zaɓa. To ni me aka bar mini? In biya mata kuɗin mota?"

"Baba, sau ɗaya kawai."

"Falle ɗaya zan tafi da shi. Ki zo da keken ɗinkinki ki ga yadda ake aiki."

Falle ɗaya. Mutumin da yake gaisawa da riga. Na ce masa ya ƙara ko ɗaya ne don tsaro, ya ce mai ɗaukar ƙafafu ba a nemi shawararta ba.

Muka isa tafkin da la'asar. Na kafa ƙafafun a inda na saba, har ramukansu suna nan. Ya ɗora akwatin, ya ja wuyansa, ya shige cikin lulluɓinsa. Ga yadda abin yake, ga wanda Allah bai jarrabe shi da irin mijina ba. A bayan akwatin akwai gilashi, a nan hoto yake fitowa, kuma a kife, sama a ƙasa, don kada aikin ya yi sauƙi da yawa. Kafin ka ga komai a gilashin sai ka buɗe idon kyamara. In ka gama saitawa sai ka rufe idon, ka zura gidan fim, ka zare marfin da ke kare fim ɗin, sannan ka latsa wayar da ke haɗe da kyamarar, idon ya ƙifta sau ɗaya. In ka zare marfin alhali idon yana buɗe, haske ya afka ciki, fim ya ƙone, shi ke nan.

Ya daɗe a cikin ƙyallen nan fiye da yadda ya saba. Hannunsa yana murɗa maɓalli gaba, ya dawo da shi baya, ya sake. Auta tana tsaye kusa da kafaɗarsa, ta riƙe tata kyamarar kamar mai jin kunyarta. Balbelu suka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, sannan garke-garke. Rana ta sunkuya, ruwa ya kwanta luf, ko ganye ba ya motsi. Duk zaryar da muka yi ban taɓa ganin wurin ya yi kyau haka ba, har na ji haushin da bai ba ni abin kushewa ba.

Ya fito yana gumi, ya ɗauki gidan fim. Ni kuwa kunnena ya saba da wani ɗan ƙas da idon yake yi in an rufe shi, kuma ban ji ba.

"Maigida, ka rufe idon?"

"Yau kuma koya mini za ki yi?"

"Tambaya na yi."

Ya zagaya gaban akwatin, ya sunkuya, ya leƙa idon kamar yadda yake yi kullum. Daga inda nake tsaye ina hango shi a wangale, har hasken gilashin baya yana ratsowa. Shi da hancinsa ya kusa taɓa shi ya miƙe ya ce, "A rufe yake, Alƙaliya. Sai a nemi wani laifin."

In na ce a buɗe yake, ba kyamara na gyara ba, na faɗa masa a gaban 'yarsa cewa ya makance. Kafin in gama shawara da zuciyata ya zura gidan fim, ya zare marfi, ya riƙe waya yana jira. Wani babban garke ya taso daga yamma, fikafikai a buɗe, suna shirin sauka. Ya latsa. A gefensa keken ɗinki ya kama aiki.

"Yi ta ɓarna," ya ce mata, yana mayar da marfi. "Ni na gama."

A hanyar dawowa har waƙa ya yi. Ya karɓi ƙafafun daga kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya yi tuntuɓe da su, na karɓe abina.

Washegari da hantsi ya ƙwace banɗaki, don nan ne ɗakin duhunsa. Ya toshe taga da bargo, ya jera farantan ruwan magani a kan allon da yake ɗorawa bisa baho, ya kafa dokar cewa duk mai uzuri ya nemi maƙwabta. Ni da Auta muka zauna a falo kamar masu jiran haihuwa. Na faɗa mata abin da na gani. Ta ce me ya sa ban yi magana ba. Na ce ita da take da baki har biyu, nata da na kyamara, me ya hana ta.

Ya fito riƙe da fallen a gefe-gefe, yana ɗiga. Ya je taga ya ɗaga shi. Baƙi ƙirin, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar gindin tukunya. Na shirya jin faɗa. Na ma shirya karɓar laifin, tunda a gidan nan ko ruwan sama ne ya ɓata hoto ni ce na kira shi.

Sai ya yi murmushi.

"Ku zo ku gani. Ga reshen sama, ga su nan a jere. Dubi wannan da ya buɗe fikafikai. Auta, matso ki ga gashin wuyansa, ɗaya bayan ɗaya."

Yatsansa yana bin baƙin fim ɗin, yana tsayawa daidai inda kowane reshe ya kamata ya kasance. Ba wasa yake yi ba, na san fuskar wasansa. A nan na gane abin da likita ya ce yana zuwa ya riga ya iso, kuma bishiyar da yake nuna mana a cikin kansa take. Tausayinsa ya kama ni. Auta ta buɗe baki, na taka mata ƙafa.

"To, Alƙaliya, yau ma akwai magana?"

In na yaba, ya gane. Na gyara murya.

"Bishiyar ta karkace."

"A karkace take tun asali!"

"Kuma ruwan ya yi yawa a ƙasa. Tafki ka je ɗauka ko tsuntsaye?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce hassada ce ke damuna, kuma wannan hoton bango guda zai ci. Injinsa na gida ba ya buga hoto mai girma haka, don haka ya sa fim ɗin a ambulan, ya miƙa wa Auta ta kai shagon masu buga hoto, da gargaɗin kada ta taɓa tsakiyarsa da yatsa.

Ranar ta wuni a gaban kwamfuta tana tona sharar da ubanta yake faɗa. Ta kira ni na ga wanda ta tsayar. Garken yana sauka, bishiyar ta yi rabin fari, inuwarsu a kwance cikin ruwa. Na buɗe baki in kushe, na rasa ta inda zan fara. Ta ce tun da ta fara riƙe kyamara ba ta taɓa ɗaukar kamarsa ba, kuma da ma akwai gasar da take son shiga. Sannan ta cire masa launi ya koma fari da baƙi irin na ubanta, ta kai aka buga.

Yanzu yana rataye a falo, ya cinye bangon da agogo yake a da. Maigida ya sa hannu a ƙasansa, rabin sunan a kan hoton rabi a kan katako. Duk baƙon da ya shigo sai ya biya harajin tsayuwa a gabansa. Mai gyaran famfo ma bai tsira ba, ya sha bayani yana riƙe da sifana.

Rannan yayyen Auta suka zo da iyalansu, falo ya cika. Maigida ya tashi, ya lalubi bango har ya kai ga hoton, ya dafa shi.

"Ku duba da kyau. Falle ɗaya, latsawa ɗaya. A kawo mini na'urar zamanin da za ta yi wannan." Ya juya wajen da yake zaton Auta take, ya ɗan kauce mata. "Ke ma ai kina wurin da keken ɗinkinki. Ina naki?"

"Ba su yi kyau ba, Baba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ya girgiza kai, ya sassauta murya, don a ganinsa lallashi yake yi.

"Kada ki damu. Kina da hannu, ido ne dai har yanzu da saura. Ki riƙa zuwa kina kallon wannan."

"To, Baba," ta ce. "Kullum ina kallonsa."