Matsattsakun da Aka Ba Kuikkala

Ina da wani ɗan hali: labari mai daɗi ba ya kwana a cikina. Shi ya sa tun kafin Dokta Aulikki, mai binciken halittun ruwa, ta gama loda kwalabenta a mota, kowa a Ahvenperä ya ji cewa an gano sabon nau'in matsattsaku a tafkinmu, kuma sunan ƙauyenmu zai ci.

Kwana uku ina tuƙa ta a kwalekwalena, tana juya duwatsu. A na ukun na kai ta wani tsibirin duwatsu da na sani. Ta ɗaga ɗaya, sai ga matsattsaku manne a ƙarƙashinsa.

"Tapani, dubi idanunsa. Shida ne, amma jerinsu daban."

Ni dai majina na gani mai ɗigo-ɗigo. Ta jefa shi a kwalba, ta ce in sabo ne, sunan wurin da aka same shi za ta sa masa.

Shekara biyu masana suna ƙirga zoben jikinsa a birni. Mu kuwa an rufe mana makaranta, an ɗauke banki, bas ma sai Talata da Juma'a, saboda haka muka rungumi matsattsaku. Ƙungiyar masunta ta sa aka zana shi a allon shiga gari. Matata Sirpa har burodin kirfa ta gasa da siffarsa, ba wanda ya iya ci.

Sai takardar binciken ta fito. An ɗauki sunan Kuikkala, an liƙa masa wutsiyar Latin, an ba dabbarmu. Kuikkala! Ƙauyen tsallaken tafki, mutanen da ko gadar ɗaure kwalekwale ba su iya kafawa a miƙe ba.

Na haɗu da Pentti, shugaban masuntansu, wurin shan kofi a gidan mai.

"A'a, uban matsattsaku! Allon nan naku, in kun gama da shi ku ba mu. Suna kawai za mu goge."

A gabansa na kira Dokta.

"Dokta, wa ya tuƙa ki? Kofin wa kika sha? Sauron wa ya cije ki?"

"Naku ne duka, Tapani. Amma na'urata mai gane wuri ruwan Kuikkala ta nuna."

"Na'ura! Shekara hamsin da biyu ina kan tafkin nan, sai abin da ke cin batir ne zai koya mini iyaka?"

"Suna in an buga shi ya zauna. Amma in wurin ne na kuskure, ka ɗauko shugabannin masunta biyun ka nuna musu dutsen, sai in rubuta gyara."

Na ce to, da ƙarfi, don Pentti ya ji. Mutanenmu suka sa Asabar. Da ta zo, bayana ya riƙe. Ta gaba, injin kwalekwalen ya ƙi tashi. Har yanzu ina kan bakana: zalunci ne mutanen da ba su jiƙa ko safa ba su shiga littafin duniya, mu mu tashi da allo. Jiya Sirpa ta tsare ni a ƙofa.

"Malam, bayan ya warke, injin ma na ji shi da asuba. Me ya rage?"

Dutsen yana mita ɗari biyu cikin ruwan Kuikkala. Shekara goma sha tara ke nan ina dasa ragata a gefensa ba da izininsu ba.