Bishiyar da Ta Rage a Gaɓa

Ni na riga kowa ganin rafin nan zai mutu. Ban taɓa zama a aji ba, amma ƙafata ta san shi daga tudu har gangare, ya ma taɓa haɗiye ni ya tofar. A sama, inda duwatsu da inuwa suke, ruwa sanyi ƙalau, nan kifaye irin su karfasa da ƙawara ke zama. A ƙasa, cikin taɓo, sai tarwaɗa. Da aka sare itatuwan gaɓa, yashi ya zubo ya cike wuraren zurfi, tarwaɗa ta hau har sama. Na faɗa, aka ce tsufa ne.

Ran nan babban ɗana ya dawo da kwando cike da karfasa, irin kamun da ya manta kamanninsa. A gurbi ɗaya mai zurfi da ya rage ya same su, ƙarƙashin tsohuwar bishiyar da saiwoyinta ke riƙe da gaɓa. Ya dire kwandon, ya zauna kan turmi yana matsa gwiwa.

Matarsa ta leƙa murhun banda. Toka kawai.

"Baban yara, itace fa?"

"Babu."

"To da me zan busar da su, da numfashina? Kafin la'asar sun fara wari."

Ya zaga maƙwabta, kowa murhunsa a mace. Ya hau tudu, ya tarar ko kututture an tone. Da ya dawo, ya janyo gatari daga bayan ƙofa.

Na ce, "Kai, in ka taɓa bishiyar nan, damina ɗaya ta isa gurbin ya cike."

"Na sani, Baba."

"Ka sani?"

"Na sani. In na bar ta, gobe wani zai sare, ni kuma kifina ya ruɓe."

Daga inda nake zaune ina jin saran, a hankali, saran wanda ya gaji.

Da yamma hayaƙi ya tashi, kifin ya yi jawur. Surukata ta durƙusa ta ajiye mini mafi girma. Na ci, ban yi musu ba, akwai daɗi. Shi kuwa ya naɗe tarunsa ya cusa a rufin ɗaki, ya leƙa ta katanga yana tambayar maƙwabci ko yana da ƙugiyar tarwaɗa ta aro.

Wanda yake ganin surutun tsoho ne, bayan damina ya shiga gurbin nan da wandonsa. In ruwa ya jiƙa masa gwiwa, ya zo ya aske mini gemu.