Wasiyyar Labaran Mai Jita

Ummu Hani ba ta taɓa sa ƙafa a gidan kallo ba tun da uwarta ta haife ta, sai ranar Talatar nan, tana da shekara sittin da biyu. Abin da ya kai ta kuwa ƙanenta ne Labaran, wanda ya shekara tara a kabari.

Labaran Mai Jita ake ce masa. In kana Bakura ko Maradun ko Mafara ka ce ba ka san shi ba, to ko jiya ka zo, ko ƙarya kake yi. Ɗan gidan malamai ne, ubansu mai zaure cike da littattafai, amma shi Allah ya jarrabe shi da kiɗa. Yana saurayi ya bi direbobin Agadas, bayan shekara huɗu ya dawo da gashi buzu-buzu da jita mai lantarki, yana wani kiɗa mai ƙara da 'yan boko ke kira rok. Da an tada janareta ya taɓa wayoyin nan, sai ka ga dattijo mai furfura yana gyaɗa kai bai ma san yana yi ba. Ubansu har ya rasu bai sake amsa gaisuwarsa ba.

Ciwon ajali a ɗakin Ummu Hani ya yi shi, a Bakura, wata biyar cur. Ita ke juya shi, ita ke ɗura masa kunu da cokali. Masoyan nan nasa da ke cika fili, ko biyar ba ta ƙirga a ƙofar gida ba. Ana saura kwana uku ya cika, ya kama hannunta.

"Yaya, tsoro nika ji," in ji shi. "Kin tuna abin da Baba ka cewa? Duk wanda ya kunna waƙata bayan na mutu, zunubin shina biyo ni har kabari. Ki ce musu su bari. Don Allah, Yaya, ki ce musu su bari."

Ta yi masa alkawari. Ta ƙona kasa-kasansa a murhu, ta sa aka fasa jitar, aka binne shi ba hayaniya, dangi suka rufe baki kan inda aka sa shi. To amma ina! Waƙa ta riga ta shiga waya. Shekara tara, duk ɗan kabu-kabun da ya wuce ƙofar gida yana sakin muryar Labaran, ji take an ƙara wa ɗan'uwanta garwashi. Takan tare su ta roƙa. Mai kunya ya rage sauti har ya sha kwana, marar kunya ya yi mata dariya.

Ana nan sai ga Fa'iz, wani ɗan Mafara mai tabarau da ya yi karatun haɗa fim, ya zo da kyamara wai zai yi fim na tarihin rayuwar Labaran. Sau biyu tana korarsa. A na uku ya durƙusa ya ce, "Inna, ke kina tare mutum ɗai-ɗai bakin hanya. Wanga abu dubbai za su gan shi. Duk abin da kika ce, za su ji."

Wannan maganar ce ta kama ta. Ta zauna gaban kyamara, ta isar da wasiyyar kalma bayan kalma, ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Daga ƙarshe ta ƙara abin da dangi suka ɓoye: mai son Labaran da gaske ya je ya yi masa addu'a, yana nan kwance gindin aduwa, jikin katangar gabas ta maƙabartar Bakura. Ranar ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Shi ne fa ranar Talata, ranar kasuwa, ita da maƙwabciyarta Hindu suka shiga bas zuwa Mafara, inda za a nuna fim ɗin, don ta gani da idonta an ji saƙon. Bayan azahar aka fara. An toshe tagogi da tamfol, zafi kamar ɗakin gashin burodi, mutane maƙil har bakin ƙofa. Rabinsu sanye da riga mai hoton Labaran a ƙirji. Wani ƙato mai suna Murtala, shugaban 'yan kabu-kabu kuma shugaban ƙungiyar masoyan Labaran, shi ke ta kai da komo yana tsawa a zauna. Aka ba Ummu Hani benci a gefen mata, ba wanda ya gane ta.

Fim ya buɗe da wani tsohon hoto na biki a Maradun. Sai ga Labaran da ransa, siriri, yana dariya, yana sosa bayan kunne kamar yadda yake yi tun yana rarrafe in an kama shi da laifi. Ummu Hani ta dafe ƙirji. Wallahi ba ta san tana kewarsa haka ba. Kafin ta gama kallon fuskar, ya taɓa jita, ɗakin ya ɗauki ihu, maza ɗari uku suka kama waƙa baki ɗaya. Ta toshe kunne tana istigfari, tana cewa a ranta su yi na ƙarshe, yanzu za su ji.

Aka nuno direbobi, aka nuno makaɗan da suka yi aiki da shi, aka nuno Murtala yana rantsuwa cewa waƙar Labaran ce ta hana shi faɗawa rijiya shekarar da matarsa ta rasu. Can sai ga fuskar Ummu Hani ta cika bango.

Ɗakin ya yi tsit. Ta ji muryarta tana cewa, "Ya ce in hwaɗa muku ku bari." Amma ba muryarta kaɗai ba ce. A ƙarƙashinta akwai jita, a hankali, wani kiɗa mai sanyi da Labaran ya yi ba waƙa a ciki. Duk inda ta ja numfashi, jitar ta shigo. Da ta fashe da kuka, jitar ta tashi sama ta yi kukan tare da ita, har ba ka iya raba su. Kai, yaron nan Fa'iz ya iya mugun aiki! Ƙarti masu gemu suka dinga sharɓar hawaye. Wata budurwa a bayan Ummu Hani ta ce wa ƙawarta, "Nan wurin ya hi ko'ina daɗi. Sau goma na kalle shi a waya."

Hindu ta matsa wa Ummu Hani hannu.

Da aka buɗe tagogi, musu ya kaure. Wasu na cewa fim ya yi, sai dai an rage bikin Maradun. Wasu na cewa bai kamata a nuna Labaran yana tsoro ba, mutumin da ya taɓa yin kiɗa ana ruwa da tsawa bai sauka ba. Wani ya ce tsohuwar nan ƙarya take, gidan malamai dama sun daɗe suna jin kunyarsa. Duk wanda ta saurara, maganar fim yake yi. Ko mutum ɗaya ba ta ji ya ce zai goge waƙa ba, sai ma masu tura wa juna kiɗan nan mai sanyi.

Ta kutsa har inda Fa'iz yake tsaye ana ta shan hannu da shi.

"Ɗan nan, mi na yi maka?" ta ce. "Na ba ka saƙon mamaci, ka ɗora shi bisa abin da ya ce a bari?"

Fa'iz ya rusuna da ladabinsa. "Inna, ko kalma guda ban cire miki ba. Ki tambayi kowa." Gaskiya ya faɗa, bai cire ba. Ya ƙara da murna, don a zatonsa albishir yake yi mata: "Tun Juma'a munka sa shi a intanet. Wurinki anka hi turawa. Kiɗan ga da kika ji, da ba wanda ya san shi, a wani tsohon kaset na tsinto shi. Yanzu har Agadas da Kano shi aka ji. Ke kika tada shi, Inna."

Kafin ta sami abin cewa, an gane ta. Aka yanyame ta da wayoyi, wannan na son hoto, wancan na cewa ta sake faɗin maganar ya ɗauka. Murtala ya ture su ya durƙusa gabanta, idonsa jajir don kuka.

"Inna, mun ji ki, kuma mun tausaya miki," in ji shi. "Amma ciwonai na ya yi magana, ba Labaran ba. Ke wata biyar kika yi da shi shina kwance. Mu shekara ashirin munka yi da shi shina tsaye. Mu munka san shi."

"Ni na goya shi," ta ce.

"Kun goya shi, kun kuma cika shi da tsoro har ya mutu shina kyarma. Mu ba mu yi mai haka."

Aka yi kabbara, aka tafa masa. Hindu ta ja ta suka fita. A bas ɗin komawa Bakura direba kiɗan nan ya sa, ta roƙe shi ya kashe, fasinjoji suka ce a'a.

Kwana uku ba ta iya cin abin kirki ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ta ji rugugin babura ta hanyar Mafara, ba ɗaya ba, ba ashirin ba. Hindu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ummu, su Murtala na, maƙabarta sunka nuhwa!" Ashe dai wani abu ya shiga kunnensu? Ashe addu'ar za su yi? Ummu Hani ta zari mayafi ta bi su, tana tafe tana neman gafarar zargin da ta yi musu.

Ta tsaya nesa kaɗan, tunda mace ba ta shiga. Ta hango su ta ƙofa sun cire takalma, sun kewaye gindin aduwa, sun ɗaga hannu. Addu'a suka yi sosai, wasu na kuka. Ta shafa tare da su, hawayen daɗi na zubo mata.

Suka fito. Maimakon su hau babura, sai suka zagaya bayan katangar gabas. Nan ta ga keke mai ƙafa uku ɗauke da janareta da lasifika biyu manya, irin na biki. Suka sauke, suka jingina su da katanga, daidai inda rassan aduwar suka leƙo.

Ta ruga, tsohuwa da ita, takalmi ɗaya ya fita. "Murtala! Don girman Allah! Don darajar iyayenka!"

"Haba Inna, kwantar da hankalinki," ya ce. "Mu ma Musulmi na. Ba mu shiga da kiɗi maƙabarta, ga shi waje munka tsaya. Shekara tara kun ɓoye muna shi, shina zaton an mance da shi. Yau shi ji da kunnenai."

Aka ja janareta. Ta kai hannu za ta fizge waya, samari biyu suka ɗauke ta cak, a hankali, da girmamawa, suka ajiye ta gefe suka tare ta da jikinsu. Wasu suka ɗaga wayoyi suna ɗaukarta. Jitar ta tashi har ƙasa na rawa a tafin ƙafarta.

Ta sulale ta zauna a turɓaya, ta juya fuska wajen katangar. "Labaran, na hwaɗa musu," take cewa. "Wallahi na hwaɗa musu." Ita kanta ba ta jin abin da take faɗa.

Murtala ya share hawaye da gefen rigarsa, ya yi wa mai lasifika alama da hannu.

"Ƙara sauti, kai!" ya ce. "Mutum na ƙarƙashin ƙasa, ƙaƙa za shi ji haka?"