Gwiwar Muhammadu

Tun da suka dawo daga Sakkwato, Lauwali bai ƙara jin daɗin shiga kasuwar Sabon Birni ba. Duk rumfar da ya gifta sai ya tarar da samari sun haɗa kai a kan waya, suna kallon ƙanensa Salisu ya tashi sama ya danna ƙwallo cikin kwando, ya rataye a jikin ƙarfen yana ihu.

Gasar gayyata ce ta ƙwararrun ƙwallon kwando, aka kira baƙi daga Maraɗi da Kwatano. Ƙungiyarsu, Zakunan Rima, ta fitar da 'yan Maraɗi a wasan kusa da na ƙarshe. Lauwali ne ya raba ƙwallo tun daga farko har ƙarshe, shi ya miƙa wa Salisu wadda ya danna ɗin ma, amma a bidiyon hannunsa kawai ya fito.

Shi ya koya wa yaron riƙe ƙwallo a filin makaranta a garin Isa, lokacin da Salisu ko kwandon ba ya iya kaiwa. Yanzu har Inna, in baƙi sun zo, cewa take, "Ku zo ku ga autana a waya."

Wata rana Lauwali yana zaune a shagon abokinsa sai ga Kamalu direba, mai ɗaukar kaya zuwa Maraɗi, ya faɗo yana share zufa.

"Lauwali, kai nike nema! Kocin 'yan Maraɗi, Mushe Jamaluddeen, kamar yadda suke kiran shi da Faransanci, ya aiko ni gidanku. Shina son Muhammadu ɗan Malam Labbo ya zo ya buga musu."

"Wane Muhammadun?"

"Abin da nit tambaye shi ke nan. Nac ce gidan Malam duk namijin da anka haifa Muhammadu ne, sai dai Lauwali, Sani, Salisu. Yac ce wanda yab ba su wahala a Sakkwato."

Lauwali bai tsaya dogon tunani ba. Wa kuma ya ba su wahala in ba mai rataya a ƙarfe ba? Ya hango Salisu cikin rigar 'yan Maraɗi, ana kiran sunansa a rediyo, yana dawowa gida da Faransanci a baki, shi kuwa yana nan yana miƙa wa wasu ƙwallo.

Ya yi murmushi. "Ba ni lambar Mushen. Ni ne babba, ni za ni ba shi amsa."

Kamalu ya ba shi, ya wuce tasha.

Lauwali ya zagaya bayan shago, ya danna naɗar saƙon murya a waya, ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya.

"Salamu alaikum, Mushe. Ni ɗan'uwan Muhammadu ne. Mun gode da karamci. Sai dai amana ta sa ba ni iya ɓoye maka: gwiwarshi ta lalace, ɓoyewa yake yi. In kunka ɗauke shi, wata guda ba za ya kai ba."

Ya tura. Ya tsaya yana kallon wayar har amsa ta shigo. Muryar Mushen cike da takaici, ya ce Allah ya ba Muhammadu lafiya, ya kuma gode da wannan gaskiya da ba kowa ke faɗinta ba.

Ranar Lauwali ya ci tuwo har da ƙari.

Bayan 'yan kwanaki suka hau mota zuwa Isa don atisaye, can ne ƙungiyar ke taruwa idan ana hutu. Lauwali yana ɗaure takalmi sai Koci Hafizullahi ya tsaya a kansa.

"Cire. Koma benci."

"Koci, lahiya?"

"Ni za ka tambaya lahiya? Sai daga Nijar za ni ji ɗan wasana na da ciwo? Mushe Jamaluddeen ya kira ni, yac ce daga gidanku anka shaida mishi."

Lauwali ya saki igiyar takalmin. "Ai ba ni ba ne..."

Kafin ya ƙarasa, Salisu ya iso da gudu ya durƙusa a gabansa, ya kama masa gwiwa da hannu biyu, idonsa ya yi ja.

"Yaya, don mi kab ɓoye muna? Wacce ce, ta dama ko ta hagu? Da wanga ciwo kab buga duk gasar?"

"Tashi, kai! Mi ya haɗa Mushe da ni?"

"Kai yake so mana! Ran da munka cinye su ya tare ni bakin mota, yac ce wane ne wancan mai raba ƙwallo, wanda ya hana su numfashi. Yac ce masu tsalle suna da su, mai kai irin naka ne babu. Nac ce yayana ne. Yac ce in ba shi sunanka na kati, nac ce Muhammadu ɗan Malam Labbo. Shiru nay yi don ka ji daga bakinsu, ka yi murna."

Lauwali ya ɗaga kai ya dubi filin. 'Yan wasa sun kewaye shi, kowa na sannu. Ya buɗe baki zai ce lafiyarsa ƙalau, sai ya ga tambayar da za ta biyo baya: to wa ya tura saƙon? Muryarsa na nan a wayar Mushe.

Koci Hafizullahi ya gyara murya. "Yanzu ya cike gurbin da wani ɗan Kwatano. Amma yac ce gidan da ake faɗin gaskiya haka ba ya barin shi hannu wofi. A ba shi ƙanen. Salisu, Kamalu za ya wuce da kai in ya yi lodi."

Aka ɗauki kabbara da tafi. Salisu bai tashi daga durƙuson ba.

"In ba ka yarda ba, Yaya, ba ni zuwa. Wurinka ne."

Duk idanu suka dawo kan Lauwali. Ya dafa kafaɗar Salisu.

"Ka tafi. Allah ya sa albarka."

Da suka koma gida labari ya riga su. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora ruwan zafi, ta aika garin Gangara a kira mai ɗori. Malam Labbo da kansa ya fito daga zaure ya tofa masa addu'a a gwiwar dama, don ita Lauwali ya nuna da aka matsa masa.

Ran tafiya ya ce sai ya raka ƙanensa tasha. Ya ɗauki jakar, Salisu ya ƙwace. Mutane sai sannu suke masa, shi kuwa yana ɗingishi a bayan yaron, gwiwa naɗe da tsumma tana warin man zafi.

Kamalu ya leƙo daga mota, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ikon Allah! Lauwali, ba jiya da hagu na gan ka kana ɗingishi ba?"

Lauwali ya ɗaga wa Salisu hannu har motar ta sha kwana. Sannan ya juya gida, yana lura da ƙafar da zai ja.