Hasashen da Na Yi wa Jam'iyyar Ludayi

Jiya bayan la'asar na kishingiɗa a zaure, sai na yi wani mafarki. Na tsinci kaina a wata majalisar dokoki wadda fankokinta ke ƙasa, 'yan majalisa kuma suna ɗaga ƙafa don kada iska ta kwashe musu takalma.

Akawun majalisar wata zabuwa ce mai tabarau. Ta ce, "Malam Ilu, sannu da zuwa. Jagoran jam'iyyar Ludayi ya koma gona. Kai za ka yi mana hasashen wanda zai gaje shi."

Na ce ni malamin aji huɗu ne.

"Shi ya sa. Ga dokar: duk wanda aka yi hasashensa, ya faɗi. In 'yan takara suka ƙare, mai hasashe ne zai hau kujerar, kuma ba a sauka sai bayan shekara arba'in."

Ranar Litinin yarana za su fara jarrabawa, ga shi ban gama koya musu lissafin rabawa ba.

Sai ga mu a kasuwa. 'Yan takarar su biyu ne. Honorabul Tanimu ya kama hannuna. "Malam, don girman Allah ka ce Hajiya ce. Ta fi ni komai."

Honorabul Hajiya Kulu ta ce, "Kada ka saurare shi, ƙanena. Dubi hularsa ma, ai ta shugabanci ce."

"Aro na yi, Hajiya."

Na rasa wanda zan kayar. Dukansu sun gaishe ni da kyau.

Muka koma zauren majalisa. Kujerar jagora tana kai da kawo da ƙafafunta, tana sansanar rigata. Na gyara murya, na yi magana a hankali kamar yadda nake yi wa 'yan bencin baya.

"Hasashena shi ne, ni zan zama jagora."

Zabuwa ta duba littafinta. "To, ka faɗi, Malam. Allah ya ba da haƙuri."

Kujerar ta juya mini baya. Tanimu da Hajiya suka zauna a kanta tare, kowa gefe guda, suna ba juna haƙuri.

Ƙarar rediyon maƙwabcina ce ta tashe ni. Wani mai sharhi yana rantsuwa cewa ya san wanda zai jagoranci jam'iyyarsu a majalisa, har ya faɗi sunansa sau uku.

Na ce, "Allah sarki, bawan Allah." Na jawo littafin lissafi na buɗe shafin rabawa.